Malamin da Ya Ƙi Buɗe Littafinsa

Ina so in yi magana a kan wani abu da galibinmu muke ɗauka bai isa a yi magana a kansa ba, watau ƙwaro.

Kowa ya san dalilin da ya sa Bahaushe ya raɗa wa ƙwaron nan suna malam buɗe littafi. In ya sauka bisa fure sai ka gan shi yana buɗe fukafukai yana rufewa, kamar almajirin da ke neman shafin da ya tsaya jiya. To, akwai wani daga cikinsu a nan ƙasar Karaye da Rogo wanda in ya sauka sai ya rufe littafinsa ruf, ya ƙi buɗewa, kuma in ka dubi bangon littafin ba abin da za ka gani sai busasshen ganye. Wannan malami shi ne ya jawo gardama a ajinmu har ta kai ni ga rubuta wannan.

Ga yadda abin ya faru. A hunturun da ya wuce, wata ranar Asabar da sassafe, aka ba mu aikin share gindin mangwaron da ke bayan ajujuwa. Sanyi ya kama mana yatsu, kowa yana shara yana gunaguni. Ina kai tsintsiya sai wani ganye ya tashi fir daga cikin tulin ganyen. Na ce iska ce. Amma ganyen nan bai bi iska ba, ya yi tsalle-tsalle a sama kamar wanda ya rikice, ya yi tafiyar da ba ta fi taku goma ba, sa'an nan ya faɗa ƙasa. Na kafa ido daidai inda ya faɗa, na lallaɓa, na durƙusa. Wallahi sai da na daɗe ina dubawa ban ga komai ba sai ganye. Ina shirin tashi ke nan na lura ɗaya daga cikin ganyayen yana da ƙafafu, kuma ya ɗan kishingiɗa gefe guda kamar yadda ganye ke kwanciya in ya faɗo.

Da muka kife shi da kwanon sha muka kai aji, sai wani abokina ɗan Rogo, wanda ba a raba shi da gardama, ya ce ai ya san shi, ya taɓa ganin hotonsa a wayar yayansa, sunansa Kallima, daga Indiya yake. Wani kuma ya ce ba malam buɗe littafi ba ne sam, faɗa-wuta ne, tunda shi ya sha ganin irinsa da dare yana kewaya fitila. Muka ɗauki kwano muka tafi wurin malamin kimiyya don ya raba mu. Malam bai ce da kowa ya yi daidai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku juye shi a kwalba mai faɗin baki, ku je ku dube shi da kyau, ku rubuto mini abin da idonku ya gani, ba abin da aka gaya muku ba." A ranar mun ji haushi ƙwarai, muna ganin Malam yana yi mana rowar amsa ne. Daga baya muka gane.

Abin da muka gani ke nan. In ya buɗe fukafukansa, faɗinsu ya kai santimita 7 ko kusa da haka, kamar faɗin yatsu huɗu. Cikin littafin, watau saman fiffiken, ruwan ƙasa ne mai duhu, babu wani ado sai kusa da ƙarshen fiffiken gaba, inda akwai baƙin tabo mai fararen ɗigo biyu a ciki, an kewaye shi da ruwan lemo. Bakin fiffiken gaba yana da ɗan lanƙwasa kamar lauje, na baya kuma yana da ɗan tsini kamar guntun wutsiya. Ƙasan fiffiken, wanda shi ake gani in ya rufe, shi ne ganyen: ruwan ƙasa da toka-toka, da layuka masu duhu da suka ratsa shi, da ɗige-ɗige irin na ganyen da ya soma ruɓewa. Mun ƙirga ƙafafun da yake tsayawa a kai muka sami huɗu, alhali an koya mana ƙwaro ƙafa shida gare shi. Ashe sauran biyun suna nan, ƙanana, ya naɗe su a ƙirji. Gashin nan biyu na kansa kuwa sirara ne masu ɗan kauri wajen ƙarshe, jikinsa kuma ba shi da kauri da gashi irin na yawancin faɗa-wuta. Nan maganar mai cewa faɗa-wuta ne ta faɗi.

Maganar Indiya ita ma ba ta daɗe ba. Gaskiya ne akwai Kallima, kuma duk duniya ba a cika samun wanda ya kai shi iya kwaikwayon ganye ba. Yana da layi guda da ya taso daga wutsiya har ƙarshen fiffike kamar jijiyar tsakiyar ganye, wutsiyar kuma ta zama kamar sandar da ke riƙe ganye a jikin reshe. Wani Bature masanin halittu, Alfred Russel Wallace, ya ba da labarin yadda irin wannan ya riƙa ɓace masa a dajin tsibirin Sumatra, cikin littafinsa na 1869. Amma Kallima in ya buɗe, shuɗi ne mai sheƙi da faffaɗan layin ruwan lemo, kuma a ƙasashen Asiya yake. A Nijeriya ma akwai wani gwanin kwaikwayon ganye da ake kira Kallimoides rumia, sai dai shi ɗan kurmi ne, a dazuzzukan kudu masu duhu da yawan ruwa yake zaune, ba shi da abin yi a gindin mangwaron Karaye. Namu, kamar yadda muka tabbatar da muka gwada abin da muka rubuta da abin da ke cikin littattafai, sunansa na kimiyya Melanitis leda. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya sa masa suna tun 1758. Ana samunsa daga Afirka har Indiya, har Ostireliya. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin mai ruwan ƙasa na maraice, domin da rana kwance yake cikin inuwa, sai rana ta yi gora ya fito. Shi ya sa yakan shigo ɗaki bayan magariba ya nufi fitila, har a ɗauke shi faɗa-wuta.

Wani abu kuma, bai damu da fure ba. Abincinsa ruwan 'ya'yan itace da suka faɗo suka soma lalacewa, da ruwan da ke tsattsafowa daga jikin itace. Wanda ya taɓa zama da yamma inda ake matse rake don yin mazarƙwaila, ko gindin mangwaro da bazara sa'ad da nunannu ke zubowa, ya gan shi, sai dai bai kula ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya biyo baya da damina. A watan Agusta na je gonar shinkafar kawuna a fadama, da la'asar sakaliya, na kama wani mai girma ɗaya da na hunturu, da tabo iri ɗaya a saman fiffike, da irin tashinsa na rikicewa. Amma da ya rufe littafi sai na ga bango dabam. Ba ganye ba ne. Ƙasan fiffiken toka-toka ne mai ƙananan zane-zane kamar saƙa, ga kuma jerin idanu a gefe, baƙaƙe da farin ɗigo a tsakiya da zobe rawaya. Bakin fiffiken ma bai lanƙwasa sosai ba. Na ce lalle wannan wani iri ne dabam. Ashe ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan rami ba. Masanan Turai da kansu sun shekara fiye da ɗari suna kiran mai idanun leda, mai kama da ganyen kuma ismene, suna zaton iri biyu ne. Sai a 1886 wani mai suna Lionel de Nicéville, a birnin Kalkata na Indiya, ya bayyana sakamakon kiwon da ya yi musu tun daga ƙwai, ya nuna uwa mai riga iri ɗaya tana haifar 'ya'ya masu ɗaya rigar. Iri ɗaya ne, riga ce biyu, ta damina da ta rani.

A nan ya kamata a lura, ba wai ƙwaro guda ne yake tuɓe riga ya sa wata ba kamar hawainiya. Wanda ya fito da rigar damina da ita zai mutu. 'Ya'yansa ko jikokinsa da suka girma sa'ad da kaka ta yi, ciyawa ta soma bushewa, dare ya soma sanyi, su ne ke fitowa da rigar ganye. Masana a birnin Leiden na ƙasar Holand sun gwada wannan da wani ɗan'uwansa ƙarami na Afirka mai suna Bicyclus anynana. Tsutsotsin da aka yi kiwo a ɗaki mai zafin digiri 27 suka fito da manyan idanu, 'yan'uwansu da aka yi kiwo a digiri 19 suka fito kusan babu idanu. Watau tun tana tsutsa jikinta ke auna yanayi, ya shirya wa lokacin da ke tafe. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara haka.

To, me ya sa riga biyu? Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Torben Larsen, wanda ya wallafa babban littafi a kan malam buɗe littafin Afirka ta Yamma a 2005, shi da abokin aikinsa Paul Brakefield sun yi bayanin wannan tun 1984. Da damina ciyawa kore ce ko'ina, ƙwaron yana ta kai da kawowa, neman abokin aure da wurin saka ƙwai, ba shi da halin ɓuya. Tunda dole a gan shi, gara mai farauta ya kai sara gefen fiffike inda idanun ƙarya suke, ya tafi da guntun fiffike, shi kuwa ya tsira da kansa. A wani gwaji da aka buga a 2015 an ga ƙoƙi-ƙoƙi yana kai wa idanun nan cafka, ƙwaron ya kuɓuce. Da rani kuwa babu ɗanyar ciyawar da 'ya'ya za su ci, saboda haka babu gaggawar saka ƙwai. Aikinsa kawai ya kwanta ya jira ruwa, wata da watanni, yana cin kitsen da ya tara. Mai kwanciya cikin busasshen ganye kuwa, ido a fiffike tona asiri ne. Duk wanda ya fi kama da ganye shi ƙadangare da zabuwa ke wucewa, shi ke kai wa damina, shi ke barin iri. Kuma in ka tara goma na rani da wuya ka sami biyu masu zane ɗaya, wani ja-ja, wani baƙi-baƙi, wani kamar wanda gara ta taɓa, kamar dai yadda ganyen gaske ba ya zama iri ɗaya.

Akwai wani gwaji da ya ba ni dariya, don da 'yan tsaki aka yi shi, a Biritaniya, aka buga a 2010. An sami tsutsa mai kama da tsinke. 'Yan tsakin da aka fara ba su tsinken gaske suka yi ta tsattsaga ba su sami komai ba, da aka ajiye musu tsutsar a fili, ba abin da ya ɓoye ta, sai suka daɗe ba su taɓa ta ba. Waɗanda ba su taɓa ganin tsinke ba kuwa nan da nan suka far mata. Watau na farko sun gan ta sarai, amma sun riga sun yanke hukunci cewa tsinke ne, ba shi da amfani. Da na ji wannan sai na tuna da kaina da tsintsiya a hannu. Shekara nawa muna share gindin mangwaron nan, mu ma mun riga mun yanke hukunci.

Yanzu bari in zo ga abin da nake nema, don ban rubuta wannan domin labari kawai ba. A ganina ya kamata mu daina ƙona ganyen da muke sharewa, a makaranta da gida. Abin da muka saba shi ne a tara a cinna wuta, hayaƙi ya cika aji, masu asma su yi ta tari, a ce an yi tsabta. Ina roƙon hukumar makaranta ta ware mana wani lungu can wajen shinge, ƙarƙashin itatuwa, inda ba za a share ba, ba za a ƙona ba, daga kaka har faɗuwar ruwa. Ganyen da aka share daga sauran wurare kuma a zuba a rami, a riƙa yayyafa ruwa da ɗan kashin dabbobi, ya zama takin gonar makaranta.

Ba zan yaudare ku in ce in ba a yi haka ba ƙwaron nan zai ƙare a duniya. Ba zai ƙare ba. Abin da ya bazu daga nan har Ostireliya ba wutar sharar ajinmu ce za ta gama da shi ba, balle ga fadamu da lambunan rani a kewayen madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, inda inuwa da danshi ba sa yankewa. Mu ne muke hasara. Malamin aikin gona ya koya mana cewa in an ƙona ganye, sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya, yana bin hayaƙi ya tafi, abin da ke saura toka ce kawai. Ƙasar da ba ta samun ruɓaɓɓen ganye kuma ba ta riƙe ruwa. Muna ƙona taki da hannunmu, sa'an nan iyayenmu su sayar da akuya su sayo na kanti. Hasara ta biyu ita ce ta ilmi. Muna haddace matakai huɗu na rayuwar ƙwaro don jarrabawa, ƙwai da tsutsa da kwanso da babba, muna zana su daga allo, amma a ajinmu da aka tambaya, waɗanda suka taɓa ganin kwanson malam buɗe littafi da idonsu ba su cika hannu ɗaya ba. Ɗakin gwajin kimiyya yana son kuɗi, kowa ya sani. Lungun ganye da kwalba da nunanniyar ayaba ba sa son ko kwabo.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Na farko macizai da kunamu. Wannan magana ce ta gaskiya, ban raina ta ba, shi ya sa na ce lungun ya yi nisa da ajujuwa da ɗakunan kwana, a share hanya kewaye da shi, kada kuma kowa ya shiga ba takalmi ko ya sa hannu cikin ganye ba tare da sanda ba. Wutar da ake cinnawa cikin iskar hunturu kusa da shingen kara ita ma ai ba lafiya ba ce, kuma babu ƙauyen da ba shi da labarin amfanin gonar da ya ƙone saboda wutar shara ko ta masu farautar gafiya.

Na biyu shi ne wanda kawuna ya faɗa, kuma ya fi nauyi. Da na nuna masa tsutsar a bayan ganyen shinkafarsa, koriya shar, da ƙahoni biyu a ka da tsini biyu a wutsiya, na ce masa ita ce ke zama malamin nan, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, watau ɓarawon shinkafata kake wa kamfe? Wannan ai feshi ne maganinta." Na ce, "Kawu, a gafarce ni, mu ƙirga tukuna." Muka bi kunya biyar muna ɗaga ganye, muka sami guda bakwai. Gaskiya ne tana cin ganyen shinkafa, tana cin na rake da masara da dawa, da ciyayi irin su tofa. Amma littattafan aikin gona suna lissafa ta cikin ƙananan maɓarnata, ba a haɗa ta da tsutsar da ke huda cikin kara ba, balle jan-baki da ke sauka garke guda su kwashe gona. Tsuntsaye da gizo-gizo da wasu ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikinta suna rage ta tun ba mu sani ba. In aka yi feshi saboda tsutsa bakwai, an kashe waɗannan masu gadin, an kashe kuɗi, ragowar maganin kuma ruwa ya wanke shi zuwa rafin da muke kamun kifi muke shayar da shanu. Inda ta yi yawa har ana ganin ɓarna, to, a nemi shawarar malamin gona. Amma a fara sanin ko wace ce, a kuma ƙirga. Kawu bai ce na yi gaskiya ba, manya ba su cika faɗin haka ba, sai dai ya tsince bakwai ɗin ya ba ni biyu, sauran ya watsa wa kaji.

Biyun nan na sa su a kwalba, na rufe da tsumma mai shara-shara, kullum ina sa musu sabon ganyen shinkafa. Ɗaya ta mutu. Ɗayar ta yi ta ci tana saɓa, har wata rana ta daina ci, ta rataye kanta da wutsiya a jikin tsumman, kai ƙasa. Washegari na tarar da wani ɗan kwanso kore sumul, ba baki ba ƙafa. Bayan mako guda da 'yan kwanaki kwanson ya yi duhu, da asuba kuma malam ya fito, fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, ya rataye yana buɗa su a hankali har suka miƙe suka bushe. Rigar damina ya sawo, da idanunsa reras. Ƙannena da suka taru suna kallo har suka makara zuwa makarantar allo.

Saura magana guda, ta suna. Masana sun ƙirga irin malam buɗe littafi fiye da 1,000 a Nijeriya, mu kuwa a aji suna ɗaya muke kiransu da shi duka, alhali Bahaushe bai yi wa itatuwa da ciyayi da tsuntsaye haka ba, kowanne da sunansa, wani ma har da kirari. Kakanninmu sun san tsutsar da ake samun zaren tsamiya daga gidanta, sun san lokacinta da itacen da take bi, har suka yi wa manyan riguna aiki da shi. Saboda haka ina roƙon iyayenmu na Karaye da Rogo, manoma da makiyaya da masu lambu, duk wanda ya gaji wani suna na wannan mai kama da ganye daga wurin manya, ya aiko wa ƙungiyar Hausa ta makaranta ta hannun ɗansa. Kafin nan, mu a ajinmu muna kiransa malam rufe littafi, abokina ɗan Rogo kuwa ya nace sai dai a ce ɗan magariba, kuma har yanzu ba mu daidaita ba.

Wanda yake son ya gan shi da idonsa, ya sami ayaba ko mangwaron da ya nuna har ya soma tsami, ya dame shi a murfin kwano, ya ajiye a gindin itace mai inuwa bayan la'asar, ya koma gefe ya zauna shiru har a kira magariba. In ya zo, a dubi ƙasan fiffiken, a rubuta kwanan wata da irin rigar da ya sawo, a kawo wa malamin kimiyya. Mun buɗe littafi na musamman don wannan, muna so mu gano a wane mako ne na kaka mai idanu ke ɓacewa mai ganye ya bayyana a ƙasarmu.